Yadda Batikan ta zama ƙasa a tsakiyar birnin Rum

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya Batikan, wadda faɗinta hekta 44 ne kacal, ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a cikin babban birnin Italiya. Tushen maganar shi ne Yarjejeniyar Lateran ta 11 ga Fabrairu, 1929.

A da, fafaroma sarki ne mai ƙasarsa a tsakiyar Italiya. A watan Satumban 1870 sojojin Italiya suka fasa ganuwar Rum suka karɓe birnin. Fafaroma Pius na 9 ya ƙi amincewa, ya kulle kansa a fada ya ce shi fursuna ne. Magadansa suka bi sahu, har kusan shekara 59 babu fafaroman da ya taka titunan Rum.

Firaministan Italiya Benito Mussolini da Kadinal Pietro Gasparri, wakilin Fafaroma Pius na 11, su suka sa hannu a yarjejeniyar ta 1929. Italiya ta amince da ƙasar Batikan, fafaroma kuma ya haƙura da Rum. An ba shi diyyar lira miliyan 750 a hannu, da takardun lamunin gwamnati na lira biliyan 1. Katolika ta zama addinin ƙasa, auren coci kuma ya samu karɓuwa a gaban doka.

A ganina Mussolini ne ya fi cin riba a lokacin, domin ya samu ɗaurin gindi a wajen Katolikawa. Zaman bai yi daɗi ba ma. A 1931 shi da fafaroma suka yi ta kai ruwa rana kan ƙungiyoyin matasan coci. Batun addinin ƙasa kuwa, an soke shi a 1984 zamanin Firaminista Bettino Craxi.