Game da yaron da matarka ta zo da shi

Ɗana, saƙonka ya iso, sau biyu na karanta shi. Ka ce yaron da matarka ta zo da shi, ɗan shekara tara, ya ƙi kiranka Baba, in ka shigo sai ya sulale ya fita. Kana tambaya ko ka tilasta masa, ko ka sa sunanka a takardunsa na makaranta don ya san gida ya zo.

Batun suna ba shi da tsawo: kada ka yi. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta ce a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. Ubansa ubansa ne, ko da bai taɓa saya masa ko allura ba. Ba a raba hanta da jini.

Kiran Baba kuwa, bar shi ya zo da kansa. Ka tsaya ka duba abin da idon yaron nan ya gani. Gidansu ya watse ba a tambaye shi ba, aka kawo shi gidan wani ba a tambaye shi ba, ga shi uwar da yake da ita ita kaɗai yanzu sai ya jira a gama da ita. A ransa, in ya ce maka Baba ya ci amanar wancan. Kai kana ganin raini, shi kuwa tsoro ne ya cika masa ciki. Wataƙila mahaifiyarka ba ta taɓa gaya maka ba, ni ma shekara shida na yi a gidan mijin uwa. Ban tuna ranar da na fara ce masa Baba ba. Abin da na tuna shi ne daren da zazzaɓi ya kama ni, na farka na tarar da shi zaune a gefena, uwata tana barci.

Kalmar agola kuma kada ta fito daga bakinka a gabansa, ko da wasa, kuma ka hana 'yan'uwanka. Yaro yana manta duka, amma wannan kalmar har ya yi furfura tana nan.

Ka tuna Umar ɗan Abu Salama. Da mahaifinsa ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya auri mahaifiyarsa Ummu Salama, yaron ya tashi a hannunsa. Shi da kansa ya ba da labarin yadda hannunsa ke yawo a cikin akushi, sai Annabi ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ya gyara masa ba tare da ya kunyata shi ba. Sayyidina Ali ma ya riƙe Muhammadu ɗan Abubakar bayan ya auri Asma'u 'yar Umais, har daga baya ya naɗa shi gwamnan Masar.

To, gyara wajibi ne, tunda a gidanka yake. Amma a farkon nan, hukunci mai nauyi ka bar wa uwarsa, ku shirya maganarku tun a ɗaki. Kada ka zagi ubansa a gabansa. In ubansa ya nemi ganinsa, buɗe ƙofa. In Allah ya ba ku naku 'ya'yan, nan ne gwajin yake: abin da ka sayo wa naka, shi ma ka sayo masa, a rana ɗaya, ba washegari ba. Yara sun fi alƙali iya lissafi, uwarsa ma tana kallo ko ba ta ce komai ba.

Gado dai ka sani ba ya gadonka, uwarsa zai gada. In zuciyarka ta so shi da wani abu, ka ba shi kyauta da ranka, ko ka yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, ka rubuta, ka sa shaidu, don kada a bar shi da bakin magada.

In za ka zo gaishe ni, ka taho da shi, ku biyu kawai. Kada ka dame shi da tambayoyi a hanya. Ka gaida mai ɗakinka.

Kawunka.