Seán ko Yahaya: wane suna za mu rubuta wa yaron?

Wani ɗan'uwa da ke aikin jinya a birnin Galway na ƙasar Ayaland ya aiko mini da wannan: "Malam, matata 'yar ƙasar ce, cikinta ya tsufa, kuma likita ya ce namiji ne. Tana so a sa masa Seán, sunan mahaifinta da ya rasu. Hajiyarmu a Katsina kuwa ta ce Yahaya, sunan Baba. Ban san ma'anar Seán ba, kuma ina ganin ana rubuta shi iri-iri. Ina tsoron saɓa wa Hajiya, ina tsoron rikicin takardu."

Ɗan'uwa, Allah ya sauke ta lafiya. Ka kwantar da hankalinka, domin matarka da Hajiya sun fi kusa da juna fiye da yadda suke zato.

Seán, wanda ake furtawa "Shon", ba daga addinin gargajiyar mutanen Ayaland ya fito ba. Tushensa sunan Ibrananci ne, Yohanan, wato "Allah ya yi alheri". Daga nan ya shiga Girkanci da Latin, ya zama Jehan a bakin Normawa masu jin Faransanci. Da Normawan suka shiga Ayaland a 1169, mutanen ƙasar suka ari sunan. Harshensu na Gelik ba shi da sautin "j", sai suka mayar da shi "sh". Mu ma haka muka yi wa Abubakar, ya koma Habu, Garba, Buba, a Borno kuma Bukar. Wanda sunan ya shahara ta dalilinsa shi ne ɗan Zakariya, wanda Kiristoci Hausawa ke kira Yohanna Mai Baftisma, Musulmi kuma Annabi Yahaya, wanda aya ta 7 ta Suratu Maryam ta yi busharar haihuwarsa. Malaman Larabci suna danganta kalmar Yahaya da rayuwa, don haka ma'anar kalmomin biyu ba ɗaya ba ce, amma bawan Allahn da ake nufi ɗaya ne. Ka faɗa wa Hajiya wannan da bakinka, cikin ladabi, kada ta ji a bakin wani.

Rubuce-rubucen da ka gani kuwa, Shaun da Shawn yadda Turancin Ingilishi ya rubuta sautin ne kawai. Shane ya samo asali daga furucin mutanen Ulster a arewa, kamar Shane O'Neill, wani shugaban yankin da aka kashe a 1567. Eoin, wani nau'in sunan, ya girmi Seán a ƙasar, don kai tsaye ya fito daga Latin ta hanyar coci. Eoghan dabam ne, ko da yake kunne na jin su kusan ɗaya. Seán suna ne mai mutunci a can: Seán Lemass ya yi firaminista daga 1959 zuwa 1966.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne ɗan layin nan da ke bisa "a", wanda suke kira fada. Kada ka ɗauke shi ado. Idan an cire shi, "sean" na nufin tsoho. Kai da ka san bambancin ƙasa da kasa ba sai an yi maka dogon bayani ba. Na sha ganin yadda ran mutanenmu ke ɓaci idan aka shafe ƙugiyar sunansu a ofis, to haka matarka za ta ji game da sunan mahaifinta.

Shawarata ita ce ku sa duka biyun: Yahaya Seán, sai sunan iyali. Ranar suna a yanka rago a Katsina, a raɗa Yahaya, dangin uwa kuma su kira shi Seán. Ana bukatar a yi rajistar haihuwa cikin wata 3, kuma daga rajistar ne ake ba yaro lambar PPS, wato lambar shaidarsa wajen hukumomin ƙasar. Kafin ka sa hannu, ka karanta harafi bayan harafi. Ka zaɓi Yahaya ko Yahya tun yanzu, ka tsaya a kansa, kuma sunan iyalin ya zama daidai da wanda ke fasfonka. Mu mun saba ɗa ya ɗauki sunan yankan ubansa a matsayin sunan iyali, amma a can wannan yakan sa ma'aikaci ya tambaye ka mece ce alaƙarka da yaron.

Tun 1 ga Janairun 2005, haihuwa a Ayaland kaɗai ba ta ba da zama ɗan ƙasa, sai dai ɗanka zai samu ta wajen mahaifiyarsa, kuma ɗan Najeriya ne ta wajenka. Idan kun zo neman fasfo na biyu, ku bi jerin sunayen da ke takardar haihuwa sak. In ka ga SEAN babu layi a ƙasan shafin fasfo, wurin da na'ura ke karantawa, wannan ba kuskure ba ne, haka tsarin yake a duk duniya. Tikitin jirgin zuwa gaida Hajiya ma da wannan rubutun za ka saya.