Wai duniya sanyi za ta yi ko zafi? Amsa ga manoma

Wani manomin alkama daga Kadawa ya turo cewa bara hunturu ya yi sanyi har ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, kuma ya ji ana cewa ɗumamar yanayin nan ƙaryar Turawa ce, duniya ma sanyi za ta shiga, to ko ya jinkirta shuka bana tunda sanyin zai daɗe?

Alhaji dan Allah kar ka jinkirta. Hunturu ɗaya ba shi ne ma'aunin duniya ba, iskar Sahara ce da ƙurarta, wata shekarar ta yi ƙarfi wata ta yi laushi. Zancen duniya za ta daskare kuma tsohon zance ne, a shekarun 1970 wasu jaridun Amurka suka yayata shi saboda daga wajen 1940 zuwa 1970 zafi ya ɗan sauka, babban dalili kuwa hayaƙin kwal na masana'antun Turai da Amurka ne da ke tare hasken rana, kuma abin haushi masu bincike da dama na ganin hayaƙin nan na da hannu a farin da ya ci mu a 1973 da 1984. Da suka rage hayaƙin sai zafi ya ci gaba da hawa abinsa, iskar kabon da ke riƙe zafi ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, shi ya sa tunda aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba kafin ta. To ka shuka alkamarka tsakiyar Nuwamba, in ka makara sosai farkon Disamba. Wanda ya kai Janairu zafin Maris zai same ta tana cika ido, ƙwaya ta motse, ka cika buhu ka ɗaga ka ji ba nauyi.

Wani dattijo daga wajen Maraɗi kuma cewa ya yi ruwa na Allah ne, ɗan Adam bai isa ya canza yanayi ba. Baba gaskiya ne komai na Allah ne, amma akwai sababi, wanda ya sare itatuwan gonarsa kaf iska ta kwashe masa ƙasa ai ba zai ce ba hannunsa ba. Kuma ba sai mun gama wannan musun ba kafin a gyara gona. Ruwan farko yanzu yana yawan yaudara, ya zubo sau ɗaya ya ɗauke sati biyu ko uku iri ya ƙone, saboda haka a tona a ga laima ta shiga ƙasa kamar taƙi guda kafin a zuba iri. A nemi mai saurin nuna, gero SOSAT ko waken SAMPEA na Samaru, taki kuma a raba shi biyu kar ruwa mai ƙarfi ya wanke shi lokaci ɗaya. Ku mutanen Maraɗi ma ku ne malamanmu wajen barin gawo da tohon itace a gona, wallahi ku riƙe abin nan.

Masu noman fadama kuwa ambaliyar madatsar ruwan Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ta isa gargaɗi, a saurari hasashen NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da ke fitowa farkon shekara, a yashe magudanan ruwa tun bazara.