Zaure daban, cikin gida daban: amsa ga ɗana kan rautar shago

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso ni. Ka ce tun da aiki ya mayar da kai Abuja kana so ka riƙa duba lissafi da kyamarorin shagon mahaifinka na nan Jos daga inda kake, kuma mai haɗa muku na'urori ya ce a daina ba maƙwabta da baƙi kalmar sirrin intanet. Tambayarka ita ce ko hanawar ba ta zama rowa ba, tunda a al'adarmu ba a hana maƙwabci wuta, ba a hana baƙo ruwa.

Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ka tuna gidan kakanku na Gangare. Duk wanda ya yi sallama, sananne ne ko matafiyi, a zaure ake shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa a kwanon sha, wani lokaci har ya kwana. Amma daga ƙofar shigifa zuwa ciki, inda mata suke da ɗakin da ake ajiye akwatin kuɗi, babu mai wucewa sai da izini, kuma a bango an rubuta "Ba Shiga" da farin alli. Ban taɓa jin wanda ya kira kakanku marowaci saboda wannan rubutu ba, domin kowa ya san karamci yana da wurinsa, amana ma tana da nata.

Saboda haka abu na farko da za ka nema a jikin rautar, wato na'urar da ke rarraba intanet a shagon, shi ne ikon raba layin baƙi da layin shago. Layin baƙi shi ne zaurenka: maƙwabci ya hau ya duba WhatsApp, amma ba zai ga kwamfutar lissafi ko kyamara ba, kuma kana iya ƙayyade masa gudu don kada ya cinye datar aiki. Ka ga ka ba shi ruwa, ba ka kai shi ɗaki ba.

Maganar shigarka daga Abuja ita ce ta fi damuna, don a nan mutane suka fi yin ganganci. Wasu masu gyara, saboda neman sauƙi, sukan buɗe wa kyamara ko kwamfuta ƙofa kai tsaye zuwa intanet, wanda daidai yake da fasa katangar bayan gida a bar ta babu ƙyaure, alhali akwai na'urorin ɓarayi da ke zagaya duniya dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. Ka nemi rautar da ke da VPN a cikinta, wato ɓoyayyiyar hanya wadda ke sirranta duk abin da ke wucewa tsakanin wayarka da shago. A cikin ire-iren VPN ka zaɓi WireGuard ko OpenVPN ko IPsec, kada ka yarda da PPTP, domin an daɗe da gano rauninsa. Ka kuma tambayi kamfanin da ke ba ku intanet ko layin yana da adireshin da za a iya iskewa daga waje, saboda yawancin layukan sim ba su da shi, kuma idan babu shi sai mai haɗawa ya bi ta wata dabara.

Ranar da aka kunna na'urar, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi kawai, har aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makullin Wi-Fi ya kasance WPA3, wanda ya fito a 2018, ko aƙalla WPA2. A kashe WPS (hanyar jona waya da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba) da UPnP (tsarin da ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa zuwa intanet), a tabbata kamfanin da ya ƙera rautar yana ci gaba da sabunta manhajar cikinta, a kuma jona ta da inbata saboda ɗaukewar wuta.

Saura babban yaron shago, wanda ka ce kana jin nauyin taƙaita masa iko bayan shekarun da ya yi tare da mahaifinka. Jin nauyin daidai ne, amma ka sani mahaifinka ma makullin ƙofa ya ba shi, na akwati kuwa yana aljihunsa har ya rasu, kuma hakan bai taɓa ɓata tsakaninsu ba. Ka ba kowane ma'aikaci sunan shigarsa da kalmar sirrinsa daban, rautar tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa, domin ranar da lissafi ya ƙi daidaita ba za a jingina masa abin da bai yi ba, kuma idan wani ya bar aiki nasa kaɗai za a soke. Sai dai kada ya ji labarin daga bakin mai gyara. Ka zo Jos da kanka ranar Asabar, mu je gidansa tare bayan la'asar, ni zan fara yi masa bayani.

Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Baffanka,
Jos