Ɗalibin Manila da takalman Greenhills

Wani ƙanenmu da ke karatun likita a Manila ya turo min saƙo, wai ya shiga kasuwar Greenhills ya ga takalman Nike da jakunkunan Gucci a kuɗi kaɗan, 'yan ajinsu 'yan Filifin suna ta saye ba ko ɗar. Tambayarsa biyu, me ya sa suke saye alhali jabu ne, kuma ko ya riƙa sarowa yana aikowa Kano a sayar masa.

Ƙanena ai sun sani sarai, da bakinsu suke kiransa "class A". Lissafin aljihu ne. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Manila peso 645 ne a rana, takalmi na asali kuwa dubbai ne, to mutumin da haya ke jiransa ga kuɗin makarantar ƙanne ga na mota kuma yana so ya fita ran Lahadi a ga shi ma ya sa abin yayi, ina zai dosa in ba Greenhills ko kasuwar Divisoria ba? Ga kuma pasalubong, tsarabarsu kenan, ba a komawa gida hannu rabbana, kuma dangi da yawa kamar dai mu. Wani abin ma a fili ake sayarwa, shago a jere da fitila da sanyin esi, sai zuciya ta daina ganinsa laifi.

Amma fa su a ƙasarsu suke, kai baƙo ne. Bizarka 9(f) ta karatu ce, ba ta ba ka izinin kasuwanci ba. Sayar da jabu laifi ne a dokarsu mai lamba 8293 ta 1997, jami'an NBI, hukumar binciken laifuka ta ƙasar, na kai samame Greenhills su kwashe kaya buhu-buhu, Amurka ma ta sa kasuwar a jerin waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen sayar da jabu. Ran da aka tare kwali da sunanka a jiki maganar ta tafi imigireshin, shekarun karatunka da gonar da aka sayar aka tura ka duk sun shiga haɗari, wallahi wannan ne ke tsaya min a rai. Ko ya tsallake can, kwastan ɗinmu na iya riƙe shi.

In tsaraba ce, sai wa Hajiya busasshen mangwaron Cebu da sarƙar lu'ulu'u, a Greenhills ɗin ma akwai, yawancin masu shagon Musulmi ne 'yan ƙabilar Maranao, yi musu sallama ka taya. In kuma kuɗin makaranta ne ya matsa, sake rubuto min ka faɗi nawa ya rage da ranar da za a rufe biya.