Shin Sabo Bakin Zuwo ne ya gaji Abubakar Rimi a kujerar gwamnan Kano?

Malam, ka tambaya ko daga Rimi sai Sabo. A'a, a nan mutane ke kuskure. Rimi ya bar jam'iyyar PRP ya koma jam'iyyar NPP, ya sauka a 1983, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin.

Shi Sabo ɗan tsohuwar jam'iyyar NEPU ne tun asali, sanata a 1979 ƙarƙashin PRP. Ya kayar da Rimi a zaɓen 1983, ya hau ranar 1 ga Oktoba, sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba. Wata uku kacal! Duk da haka ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙiro.

Barkwancin da ake jingina masa kuwa, kada ka ɗauke shi tarihi. In rubutu za ka yi, ka tuntuɓi masana a Mambayya, gidan Malam Aminu Kano da ya zama cibiyar bincike a Kano.