Wane Linux zan ɗora a kwamfutata?

Ɗana, jiya bayan la'asar ka tambaye ni wane Linux ne ya fi, wato manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ka ce ka ga Kali a YouTube kana so ka ɗora shi a laftof ɗinka. Kwastoma ya shigo, maganar ta tsaya. To jawo kujera ka ji.

Kali dai ka ajiye shi gefe tukuna. An yi shi ne don masu gwada tsaron kwamfutoci, kuma su kansu masu haɗa shi suna cewa ba na sabon shiga ba ne. Kai rubutu za ka yi, ka shiga intanet, ka koyi sana'a. Ba a sayen motar ɗaukar yashi don kai yara makaranta.

Sunayen nan da suke ruɗa ka, yawancinsu 'yan gida ɗaya ne. Injin da ke cikin manhajar ɗaya ne, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland. Debian ya fito a 1993, Ubuntu ya tsiro daga Debian a 2004, Mint kuma daga Ubuntu a 2006. Kaka ne da ɗa da jika, shi ma Kali daga Debian yake. In hannunka ya saba da apt, umarnin ɗora manhajoji, a ɗaya, ka iya shi a sauran.

Ni zaɓina Linux Mint ne, kuma abin da yake zuwa teburin nan ne ya sa na zaɓe shi. Dubi abin da ake kawo mana: HP da Dell tokumbo, RAM 4GB, fanka tana kuka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa sai injin da yake da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da yawansu ba su da shi. Ka ɗora wa irin wannan Mint mai fuskar Xfce mara nauyi, sai ka ga ta miƙe kamar an canja mata jini. Maɓallin menu yana ƙasa ta hagu inda mai Windows ya saba, Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi suna ciki tun farko, ba sai an nemo ba.

Sannan akwai maganar data, wadda masu bidiyon can ba sa kawowa don ba ta dame su ba. Cikin sauran nau'o'in Linux, Arch kusan kullum da sabuntawa, Fedora duk wata shida sabon fitowa. Mint 22 kuwa za a ci gaba da kula da shi har 2029. Ka ɗora sau ɗaya, ka huta.

Amma wallahi ko Mint ɗin kada ka ɗora shi da ka. Saka filashin da Mint yake ciki, ka tayar da injin daga cikinsa ba tare da ka taɓa abin da ke ajiye ba. Gwada Wi-Fi, gwada sauti, jona firinta ka ga ta fitar da takarda. Shiga saitin allon rubutu ka ƙara Hausa, ka buga ɓ da ɗ da ƙ ka gani da idonka. In Wi-Fi ya ƙi, sau da yawa katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom ne. Bayan ka ɗora, jona wayarka da kebul ka ba shi intanet, ka buɗe Driver Manager, zai kawo maka abin da ya dace.

In na kwastoma ne, fara tambayarsa me yake yi da ita. Na taɓa ɗora wa wani mai shagon buga katin biki Linux ban tambaye shi ba, washegari da sassafe ya dawo ransa a ɓace, CorelDraw da yake tsara katin da shi ba ya aiki a kai. Gaskiyarsa ce, abincinsa na taɓa. Na mayar masa da Windows ban karɓi ko sisi ba, kuma har yau ina jin nauyin abin.

Kai kuma in ka zaɓa, ka zauna a kansa wata shida aƙalla, ka ɓata shi ka gyara da hannunka. Filashin Mint yana cikin aljihun tebur na sama. Ɗauko Dell ɗin can ta kan benci, kwashe fayilolin mai ita tukuna, kuma kada ka danna Install sai na zo na duba.